Bushewar Gashin Kai da Cukurkuɗewarsa: Dalilai da Magunguna

 

Ya ku 'yan'uwa maza da mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da kowane gida a ƙasar Madawa da Buza da Keita ke fama da shi, musamman daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da hunturu ke busowa, watau bushewar gashin kai, da cukurkuɗewarsa, da karyewarsa. Kada wani ya ce wannan zancen makitsa ne kawai. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa wani mutum ya shigo masallaci kansa da gemunsa a birkice, Annabi (S.A.W.) ya yi masa nuni da hannu ya je ya gyara. Ya kuma ruwaito cewa Abu Ƙatada (R.A.), wanda yake ma'abucin suma ne, an umurce shi da taje ta da girmama ta, har ya zama wata rana yakan shafa mai sau biyu.

To, mu fara da sanin gashin kansa. Kowane silin gashi yana lulluɓe da wasu ƙananan ɓawo da ido ba ya gani, a jere bisa juna kamar ɓamɓarokin kifi. Idan suna kwance, gashi yakan yi santsi da sheƙi. Idan suka ɗaga, danshin ciki ya fita, kuma wannan sili ya riƙa kama wancan kamar ƙarangiya. A gindin kowane sili kuma akwai wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Ga masu miƙaƙƙen gashi maiƙon yakan gangara har ƙarshe, amma irin namu mai murɗe-murɗe ba ya barinsa ya yi nisa, shi ya sa bakin gashi ya fi gindinsa bushewa. Sa'an nan mutum lafiyayye yakan zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana. Idan kai yana kitse, waɗannan ba su da hanyar faɗuwa, sai su tsaya su nannaɗe 'yan'uwansu, su haɗu da ƙura da tsohon mai, su zama dunƙule. Matar da ta bar kitso wata biyu, ta ga mataji ya cika ranar tsifa, kada ta zargi kowa da sammu. Gashin da ya riga ya zuba ne ya taru.

Iskar Adar kuwa kowa ya san ta. Saboda ita ne aka fara dasa layukan dogon yaro a fadamar Majiya ta ƙasar Buza a 1975, don su tare wa gonaki iska, kuma aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka soma a 1984 ya dasa nasa. Abin da itatuwan nan ke yi wa gero shi ne kitso da kallabi ke yi wa gashi. Sai dai kallabin auduga yana tsotse mai, saboda haka ya fi kyau a sa ɗan ƙyalle mai santsi daga ciki, musamman wajen barci.

Amma abin da ya fi iska ɓarna shi ne abin da muke wanke kai da shi. Duk mai girki ta san aikin kanwa ga wake: tana ratsa shi ta laushe shi. Sabulun wanki, da sabulun soda, da garin wankin tufafi, duk suna da irin wannan kaifi, suna ɗaga ɓawon gashi su kwashe maiƙonsa ƙaf. Ga kuma ruwa. Duwatsun Adar suna da farar ƙasa mai yawa, irin wadda ake haƙa a Malbaza don yin siminti, kuma ruwan da ya ratsa ta yakan ɗauko wani abu daga cikinta. Alamarsa ita ce sabulu ya ƙi kumfa, buta ta yi farin dasashi a ciki. Irin wannan dasashi ne ke zama a kan gashi ya sa shi kaushi. Maganinsa mai sauƙi ne: bayan wanki a matse rabin lemun tsami cikin ruwa lita guda, a tace, a zuba a kai, sa'an nan a ɗauraye. Tsamin yana kwantar da ɓawon.

Iyayenmu ba su rasa abin wanke kai ba kafin zuwan sabulun kanti. Ganyen yoɗo, wanda 'yan'uwanmu na Kano ke kira karkashi, idan aka jiƙa shi yakan yi yauƙi, kuma yauƙin nan yana sa gashi ya warware ba tare da tsinkewa ba. Haka nan garin ganyen magarya ko na kurna. Sidiri da ya zo cikin hadisin wankan haila, wanda malamanmu ke fassarawa da magarya, daga wannan dangin itace yake, kuma ganyensa yana wanke datti ba tare da ya bushe kai ba. Duka suna nan a dajinmu, kyauta.

Game da mai, akwai kuskuren da ya yaɗu. Mai ba ya shayar da gashi, ruwa ne ke shayar da shi. Aikin mai shi ne ya toshe wa danshi hanyar fita. Wadda ta lafta basilin a busasshen kai ta yi wa ƙura tarko ne kawai. Ƙa'ida ita ce a jiƙa gashi tukuna, a raba shi kashi huɗu ko shida, a shafa ɗan man kaɗe, ko na gyaɗa, ko na aduwa, ko man shanu sabo wanda bai yi ɗoyi ba, a fi ba bakin gashi. Sai a warware da yatsu, a bi da mataji mai manyan haƙora, a fara daga baki ana hawa zuwa gindi. Kada a taje busasshen gashi, kada kuma a rufe kai yana jiƙe sharkaf. Wanki sau ɗaya a mako ko mako biyu ya wadatar. Bakin da ya riga ya tsage ba shi da magani sai almakashi, gashi kuwa yana tsiro kusan santimita guda a wata.

Kitso mai tsauri, wanda ke hana yarinya barci ya fito mata da ƙuraje a goshi, yana cire gashin gaba, idan ya daɗe ma ba ya komowa. Ƙarin gashi, wanda hadisi ingantacce ya hana, yana ƙara wa gindin gashi nauyi. Man miƙar da gashi kuwa, yawancinsa soda ce mai ƙarfi, tana ƙona fata ta raunana sili. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2022, kan mata fiye da 33,000, ya nuna masu yawan amfani da irinsa sun fi sauran kamuwa da sankarar mahaifa fiye da ninki biyu. Binciken bai yanke cewa man ne sanadi ba, amma ya isa mai hankali ta yi taka-tsantsan.

Yanzu ga inda muke son iyaye su saurara da kyau. Wani lokaci bushewar gashi saƙo ne daga cikin jiki. Yaron da gashinsa ya koma ja-ja, ya yi laushi da ƙaranci, yana tugewa da an taɓa, balle idan ƙafafunsa sun kumbura, ba mai yake bukata ba. Tamowa ce, wadda ta kashe yara da yawa a jihar Tawa a yunwar 2005. A kai shi likita a ranar, a auna damtsensa. Idan ma'aunin ya nuna ja, watau ƙasa da milimita 115, ransa yana cikin haɗari. Ga manya kuma, ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna busar da gashi, saboda haka a kula da wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, nono da hanta, a kuma yi miya da gishiri mai sinadarin ayodin. Zubar gashin mai jego bayan wata biyu zuwa huɗu da haihuwa yakan tsaya da kansa. Makero kuwa, mai cin gashin yara da'ira-da'ira, shafe-shafe ba ya kashe shi, sai maganin sha na makonni daga likita, kuma yana bin aska da mataji, don haka kowane yaro a ware masa nasa.

Sau da yawa mata kan tambaya: shin sai an tsefe kitso ga kowane wankan janaba? Ummu Salama (R.A.) ta yi wannan tambaya, kamar yadda Muslim ya ruwaito, aka ce mata ba sai ta tsefe ba, ta kwarara ruwa sau uku a kanta. A mazhabarmu ta Malikiyya, tana zuba ruwa tana matsa kitson har ya ratsa zuwa fata. Amma idan kitson ya yi tsaurin da ruwa ba ya shiga, ko an cika shi da zare, wajibi ne ta tsefe. Haka nan man da aka lafta har ya daskare ya hana ruwa taɓa gashi, sai an gusar da shi. Shafi na daidai kuwa ba ya hana komai.

Maza kuma su sani, Shehu Halil a cikin Muhtasar, a babin ciyarwa, ya lissafa kwalli da man shafawa na al'ada da lalle da abin gyaran kai cikin abin da ya wajaba a kan miji, domin adon da mace ke cutuwa da rashinsa ne. Saboda haka man kai yana cikin cefane, kamar gero da gishiri, mace kuma tana da haƙƙin nemansa.