Kafin Ka Buɗe Galan ɗin Baƙin Mai

Ɗana, tunda maigidanka ya fara sakar maka juye kai kaɗai, zauna ka ji abin da ke cikin galan ɗin nan.

Mafi yawansa, kamar kashi 80 cikin 100, mai ne da aka tace daga ɗanyen man ƙasa. 'Yan sinadaran da suka cike ragowar su ke ɗaukar wahala. Idan inji na gudu daidai, man da kansa ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya raba su. Amma sa'ad da aka tayar da mota da sanyin safiya, ko a kan kamshaf inda matsi ya tsananta, man kan sirance har ƙarafan su taɓa juna. A nan wani sinadari mai tutiya da fosfaras, ZDDP, da ake sa wa mai tun shekarun 1940, yake aikinsa. Zafi da guga na taɓa shi sai ya lulluɓe ƙarfen da wata siririyar fata. Ita ake ci maimakon ƙarfen, tana gogewa tana sake fitowa har sinadarin ya ƙare. Don haka murza mai a yatsa ba ya gaya maka sauran ƙarfinsa.

Wani zai kawo maka 'yar kwalba ya ce a ƙara, inji zai yi laushi. Ka ba shi haƙuri. Masu haɗa man sun riga sun auna komai, kuma sinadari kamar kanwa yake a miya, in ta zarce ta ɓata. Shi kansa ZDDP yana hana cin ƙarfe amma yana ɗan ƙara guga, fosfaras ɗinsa kuma in ya yi yawa yana kashe matatar hayaƙin da ke jikin salansa.

Ka kula da babur. Kulocinsa a cikin mai yake wanka, kuma guga yake so. Man mota mai sinadarin ƙara santsi, irin na molibdenom, kan sa shi zamewa, ɗan acaɓa ya murɗa totur mashin na ihu ba ya tafiya. Saboda wannan Japanawa suka fito da ma'aunin JASO MA a 1998. Nemi tambarin a jikin roba.

Man tsiro kuwa kada ka raina shi. Ya fi man ƙasa kama jikin ƙarfe, da man zurma jiragen sama da yawa suka tashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga sunansa na Turanci ma Castrol ya samo nasa. Cutar man tsiro iska da zafi: yakan yi tsami ya koma danƙo. Tambayi telan da ya taɓa ɗiga wa kekensa man gyaɗa. Kuma saboda yakan riga sinadarin hana cin ƙarfe kama wuri a jikin ƙarfen, haɗin da ya yi kyau a man ƙasa ba lalle ya yi a cikinsa ba. Sai an ba shi nasa haɗin, da maganin tsami mai yawa.

Duk motar da ta shigo hannunka, ɗana, duba abin da kamfaninta ya rubuta, ka karanta bayan galan, sannan ka kwance noti. Allah ya yi wa sana'arka albarka.