Amsoshin Tambayoyinku: Idan Jirgin Ƙasa Ya Makara

Malam Sani daga Zariya ya ce jirgin ƙasa ya taɓa tsayawa da su a daji fiye da awa guda, babu wanda ya ce musu uffan. Yana tambaya, shin haka ake yi ko'ina?

To Malam Sani, sannu da haƙuri. Tsayawa dai jirgi kan tsaya: inji ya samu matsala, ko a layin dogo guda ɗaya a jira wani jirgin ya wuce. Abin da ke ƙona wa fasinja rai shi ne shirun.

Amma ba haka ake yi ko'ina ba. A Ingila, yawancin kamfanonin jirgin ƙasa na mayar wa fasinja wani ɓangare na kuɗinsa idan jinkiri ya kai minti 15. A Japan kuwa, takardar shaidar jinkiri ake ba ka, ka kai wa shugabanka a wurin aiki. Har a 2017 wani kamfani a can ya nemi afuwa saboda jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokaci. Daƙiƙa fa, ba minti ba!

Saboda haka in ta sake faruwa, tambayi ma'aikatan jirgin dalili cikin ladabi, kuma ka adana tikitinka.