Sirrin Mai Lalura A Zamanin Wayar Hannu

Jama'a, akwai lalurar da ciwonta biyu ne: na jiki da na bakin mutane. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, da mai yoyon fitsari, da mai kuturta, da yarinyar da aka ceto daga hannun 'yan Boko Haram ta dawo gida da goyo, duk sun san haka. Na jiki likita na iya maganinsa. Amma ranar da magana ta fasu a unguwa, aure kan mutu, a daina sayen ƙosan mace, a hana yara wasa da 'ya'yanta. Ga kuma abin lura: waɗannan bayin Allah su ne masu bincike suka fi bi. Ɗalibi mai rubuta kundin digiri yana nemansu, ƙungiyoyin agaji na nemansu, ɗan jarida ma haka. Bincike ba laifi ba ne, don ba a samun magani sai da shi. Abin dubawa shi ne yadda ake karɓar bayanin, da inda yake kwana bayan baƙo ya tafi.

Mutanen Kano ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani daban. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, sannan aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan wata ɓarnar ta riga ta auku. Da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, wannan gwaji na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Kano ba ta koma rigakafin ba sai 2004, cutar kuwa ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da shan inna ya kama a lokacin ba su san wani Trovan ba.

Tun 2007 Nijeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma ba a yarda a fara irin wannan bincike ba sai kwamitin ɗa'a ya duba ya sa hannu. Ginshiƙinsa shi ne yardar wanda za a tambaya. To amma wace irin yarda? A miƙo wa tsohuwa takarda shafi uku da Turanci, a shafa mata tawada ta dangwala, ga sandar sabulu da kuɗin mota an ajiye a gefen tabarma. Mai tambayar kuma sau da yawa ita ce ma'aikaciyar da ke ba ta magani duk wata. Da wane bakin za ta ce a'a? "Ai ba komai, 'yata, rubuta," shi ne abin da za ta ce, alhali kunya ce da tsoron kada a hana ta magani. Wajibi ne a gaya mata da Hausa, ko da harshen da take ji, cewa in ta ƙi ba abin da zai taɓa maganinta, kuma ko ta fara tana iya tsayawa a tsakiya.

Wannan duk tsohon karatu ne. Sabon shi ne na'ura. A da amsa a takarda take, a kulle a durowa, sai gara ta cinye. Yau mai tambaya da ƙaramar kwamfuta yake shigowa zaure. Tana ɗaukar amsa, tana ɗaukar murya da hoto, tana kuma iya rubuta daidai wurin da gidan yake a taswira. Kafin ya kai bakin titi bayanin ya hau intanet, ya isa wani ofis a Abuja ko Turai. Tsohuwa ta yarda ta yi hira da yaro mai ladabi da ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta yarda da mutum ɗari da za su buɗe bayanin nan da shekara goma ba, don ba ta ma san da su ba.

Masu bincike kan ce, "Ai mun cire suna." A nan ne mafi yawansu ke yaudarar kansu. A ce rahoto ya rubuta: mace 'yar shekara 19, ƙauye kaza, mijinta direban tanka, ta samu yoyon fitsari a haihuwar fari. A birni wannan ba kowa ba ce. A ƙauye mai gida ɗari biyu, yaro ɗan shekara bakwai zai kai ka ƙofar ɗakinta. Haka hoton da aka ja wa baƙin layi a ido: zanen da ta ɗaura a bikin ƙanwarta yana nan, tsagar kumatunta na nan, ga dalbejiyar ƙofar gidansu a baya. Murya kuwa ta fi fuska tona asiri. Kishiya ba ta ɓatan muryar kishiyarta a rediyo. Saboda haka mai bincike na ƙwarai ba ya karɓar abin da ba ya bukata tun farko. In ƙaramar hukuma ta isa, kada ya rubuta ƙauye. In "tsakanin 15 da 24" ya isa, kada ya rubuta shekara. In ya gama kwafe hira a rubuce, ya goge muryar, kada ya bar ta a wayar da 'ya'yansa ke wasa da ita, kada kuma ya tura wa malaminsa ta WhatsApp.

Kada a ce wannan sakacin ƙasashe matalauta ne. A Janairun 2019 ma'aikatar lafiya ta Singafo ta sanar cewa bayanan mutum 14,200 masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki sun fita a intanet, da sunaye da lambobin waya da adireshi. Ba wasu gwanayen kutse suka yi ba. Ta hannun wani na kusa da likitan da ke da izinin buɗe rajistar abin ya fita. Ɓarawon sirri galibi ɗan gida ne.

Doka tana nan, sai dai mutane ba su san ta ba. Dokar hana tsangwamar masu cuta mai karya garkuwar jiki ta 2014 ta haramta bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu, ta ba mutum ikon janye yardarsa da neman a goge bayaninsa, ta kuma kafa hukumar da ake kai wa ƙara. Amma hukuma tara take ci, ba ta mayar da aure.

Kai kuma mai lalura, ko ke baiwar Allah, wayarki ba akwatin sirri ba ce. A gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin miji da mata, ko tana hannun ɗan da ya iya karatu. Saƙon asibiti mai cewa lokacin karɓar magani ya yi, shi zai fara karantawa. Kina da ikon ce wa ma'aikaciya kada a turo saƙo, ko a turo wanda bai ambaci asibiti ba. Waya tana yini wurin mai caji, tana zuwa wurin mai tura fina-finai da mai gyara. A cire sim da memori kafin a miƙa, a sa lambar sirri wadda ba shekarar haihuwa ba. Zauren WhatsApp na masu lalura iri ɗaya yana da daɗi, yana rage kaɗaici, amma kowa na ganin lambar kowa, kuma mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hoton hira ya fitar. Layin waya kuma tun ƙarshen 2020 aka fara ɗaure shi da lambar ɗan ƙasa, ba a ɓoye mai shi yake ba. Manhajojin bashin gaggawa ma a guje su, don an ga yadda suke kwashe lambobin da ke cikin waya su tura wa dangi saƙon cin mutunci.

Bari a ɗan taɓa masu neman lada. Mutum ya je asibiti, ya ɗauki bidiyon marar lafiya kwance ba mayafin kirki, ya sa a Facebook da lambar asusu, wai a taimaka. Sau da yawa kuɗi na zuwa, ba a musu. Amma yarinyar za ta warke, ta girma, manema su zo, bidiyon na nan. In dole sai an nemi taimako, a nuna takardar kuɗin aiki an rufe suna, wani amintacce ya tsaya shaida.

Saura abu ɗaya da kwamitocin ɗa'a ba su cika tambaya ba, wato ɗan rakiya. Baƙo ba ya shiga gari sai ta hannun mai unguwa, shi kuma ya haɗa shi da yaro ya nuna masa gidaje, wani lokaci ya yi masa tafinta. Yaron nan ɗan garin ne, da yamma a majalisar mai shayi zai zauna. Ko bai ji tambaya ɗaya ba, ya ga gidaje biyar da aka shiga aka tsallake sauran, ya kuma ji ana cewa baƙin daga wajen masu ƙanjamau suke. Don haka masu bincike da suka san aiki ba sa bin gida-gida a irin wannan. Sukan sa a haɗu a asibiti ranar da kowa ke zuwa awo ko rigakafi, su ɗauko tafinta daga wani gari, motar da ke da tambarin ƙungiya kuma a bar ta a sakatariya.