Yadda Ake Ƙarfafa Giya da Shaf na Motar Rimot Mai Ƙarfi

Wanda bai taɓa riƙe irin waɗannan motoci ba yakan ɗauke su abin wasan yara. X-Maxx ta kamfanin Traxxas da ke jihar Texas a Amurka ta haura kilo 8, tana kuma wuce kilomita 80 a awa. Kraton 6S ta Arrma da batirin lipo mai ɗaki shida take aiki, wato bolt 22.2. Injin lantarkin da ke cikinsu ba ya jira sai ya ɗau zafi, da ka taɓa totur zai saki ƙarfinsa tun daga tsaye. Duk wannan ƙarfi kuwa ta haƙoran giya zai bi, haƙoran da ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba. Shi ya sa ranar da motar za ta tsaya, sau da yawa inji lafiyarsa lau, sai ka ji yana ta kuka amma taya ko motsi.

Kafin ka sayi komai, san hanyar da ƙarfin yake bi. Daga inji yana shiga ƙaramar giya, finiyon, ita kuma ta juya babbar giya. Daga nan sai kuloci ko dif na tsakiya, ya danganta da ƙirar motar, sai farfela ta kai shi gaba da baya, kiraun da finiyon na kowane dif su karkata shi, shaf ya miƙa wa taya. Ɗaga motar, cire batir, juya tayoyin da hannu kana saurare. Inda ka ji ƙas-ƙas ko tsalle, nan za ka fara buɗewa.

Kada ka yar da giyar da ta lalace kafin ka dube ta da kyau, domin ita za ta gaya maka abin da ya faru. In kan haƙoran ya gogu zagaye ɗaya kamar an bi su da zarto, giyoyin biyu ba su kama juna sosai ba. In giyar ta roba ce kuma ta narke ta yi ƙyalli, ko dai an matse su da yawa ko kuloci ya yi ta zamewa har ya yi zafi. In kuwa haƙori biyu ko uku ne suka ɓalle a wuri guda sauran na nan garau, motar ta dira daga tsalle ne ana danne da totur. Ka ga a cikin ukun nan babu wanda sayen ƙarfe kaɗai zai magance.

A nan nake saɓa wa masu cewa a kwashe roba kaf a zuba ƙarfe. Ƙarfin inji ba ya ɓacewa don ka ƙarfafa wuri ɗaya, gaba yake matsawa ya nemi mai rauni. Ka sa shaf na ƙarfe, bugun da ke murɗe shaf a da sai ya sauka a kan dif. Ka ƙarfafa dif, sai ya koma kan gidan giya ko sandar injin kanta, kuma kowane mataki ya fi na baya tsada da wuyar kwancewa. Ni dai nakan bar abu ɗaya mai arha, mai sauƙin cirewa, ya zama kamar fiyus a gidan wuta. A motar da ke da babbar giya ta roba, ita nake bar wa wannan aiki, in ajiye guda biyu a akwatin kaya.

To, sai aiki. Wanke motar, shimfiɗa farin ƙyalle, kana cire abu kana ɗaukar hotonsa da waya. Nemi alanki mai kyau na milimita 1.5 da 2 da 2.5, mai taushin baki cinye kan sukuru yake yi, ya bar ka da aikin kwana biyu.

Da dif za ka fara, don shi ne mai cin lokaci, shi ne kuma aka fi yi wa gaggawa. Buɗe shi, zubar da tsohon mai, ka duba ƙasan kofin. In ka ga garin ƙarfe yana walƙiya a cikin man, ƙananan giyoyin ciki sun fara ci, canza su duka tare. Zuba man silikon har ya rufe giyoyin, ka juya su a hankali iska ta fita, amma kada ka cika shi maƙil. Mai kauri ake sa wa na tsakiya, domin in ya yi ruwa-ruwa, da motar ta ɗaga gaba sai ƙarfin ya tsere zuwa tayoyin da ke sama, su kumbura suna juyin banza. Wajen rufewa, ɗaure sukurorin ɗaya nan ɗaya can, kaɗan-kaɗan, kamar yadda bakanike ke ɗaure notin taya.

Yanzu sai abin da ya fi komai muhimmanci, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba: siraran wasa na milimita 0.1 ko 0.2 da ake sawa a bayan boris don matso da kiraun kusa da finiyon. Mayar da dif cikin gidansa, rufe, riƙe farfela da hannu ɗaya ka girgiza dif da ɗayan. Ɗan motsi kake so, wanda yatsa zai ji amma ido da ƙyar zai gani. In ya yi yawa ƙara wasa ɗaya, in ya yi tauri ko yana gurnani rage ɗaya. Za ka iya buɗewa da rufewa sau biyar kafin ya zauna. Yi haƙuri da shi, domin giyar da aka saita daidai ta fi wadda aka saya da tsada aka jefa haka nan daɗewa. Sannan ka shafa wa haƙoran giris.

Shaf ba shi da wuya. Bayan ka ɗaura na ƙarfen, karya sitiyari har ƙarshe, danna motar ƙasa, ɗaga ta sama, ka tabbata bai cije ba kuma bai zare daga kofinsa ba. Duk sukurun da ya shiga ƙarfe ɗiga masa shuɗin gam na zare, irin Loctite 243, ka bar shi ya kwana. Jan gam sai da wuta yake kwancewa, kuma ko wane iri ne kada ya taɓa roba. Boris kuwa sayi mai murfin roba gefe biyu, don ƙurar hunturu irin tamu ba ta barin buɗaɗɗen boris ya yi kwana.

Finiyon da babbar giya dole girman haƙorinsu ya zo ɗaya. Mai mod 1 ba ta tafiya da mai fic 32, ko da a ido sun yi kama. Duba kuma ramin finiyon, yawancin manyan injinan nan sandarsu milimita 5 ce, kuma ƙaramin sukurun a kan gefen sandar da aka fafe yake zama. Yanki siririn takardar littafi ka sa tsakanin giyoyin, tura inji ya matse ta, ɗaure, sannan ka juya takardar ta fita. Gwada motsin a wuri huɗu a zagayen babbar giyar, saboda ba kasafai take zagaye cif ba, ka saita a inda ta fi matsewa.

Ranar gwaji, rage ƙarfin fizga a na'urar sarrafa gudu. Yi minti biyar, tsaya, auna zafin inji. In ya doshi digiri 80, sa finiyon mai ƙarancin haƙori. A watan Afrilu, da iskar kanta ke kai 40, da wuri yake kaiwa can. In kana son ƙarin gudu, haƙori ɗaya-ɗaya ake ƙarawa ana aunawa. Kuma duk lokacin da motar ta tashi sama, saki totur kafin taya ta taɓa ƙasa. Bayan ka ƙarar da batir biyu, koma ka bi kowane sukuru da alanki, ka sake jin motsin giyoyin da yatsa.