Amsar Tambaya: Cinikin Babur Mai Ƙafa Huɗu

Wani mai karatu mazaunin Amurka yana tambayar yadda zai yi cinikin sabon babur mai ƙafa huɗu, na shiga gona da daji.

Farashin da Honda ko Polaris ke sanarwa shawara ce kawai ga dila. A kansa ake ɗora kuɗin dako, na haɗawa da na takardu, kuma nan ne ake yi wa mai saye sakiyar da babu ruwa. Gara ya karɓi jimillar kuɗin a rubuce daga dillalai uku, ya taya a kanta, ya ƙi zancen biyan wata-wata tukuna.

In ba gaggawa, ya jira kaka. Samfurin sabuwar shekara na isowa, farashin ragowar na bara, sabo fil, yakan sauko.