Tokar Kwal Ba Tokar Kara Ba Ce

Jama'a, mun saba da toka. Da ita ake tace ruwan tokar miya, da ita ake goge tukunya, wasu ma su barbaɗa ta cikin rumbu don korar ƙwari. To, waccan tokar itace ce da kara. Akwai wata mai kama da ita, ita ce tokar kwal, baƙin dutsen nan da ake haƙowa daga ƙasa, kamar a Maiganga ta Jihar Gombe da Anu Araren a yankin Agadas. Kada a ruɗa shi da gawayi.

Kwal ya shekara miliyoyi a binne, ya kwashi dalma da arsenik da ƙarfe da ɓurɓushin yashi. Wuta ba ta cinye waɗannan. A cikin toka suke taruwa. Mai nauyin ta zauna a ƙasa, mai laushin ta bi iska. Wata ƙwayar, sai an jera talatin kafin su kai kaurin silin gashi guda. Gashin hanci ba ya tare irinta, majina ma haka, sai ta zarce can ƙuryar huhu inda jini ke karɓar iska.

A nan Allah Ya ajiye wasu ƙwayoyin halitta masu gadi, aikinsu haɗiye duk baƙon da ya shigo. Ƙwayar cuta sukan narkar da ita. Amma ina za a narkar da yashi? Sai mai gadin ya haɗiye, ya fashe ya mutu, wani ya zo ya sake haɗiyewa. Wurin ya kumbura, a hankali ya zama tabo, huhun da ya yi tabo kuwa ba ya buɗewa sosai. Ƙarfen da ke jikin tokar kuma yakan ci bangon ƙwayar halitta kamar yadda tsatsa ke cin kwano, har ɓarnar ta kai ga sinadarin gado da ke tsakiyarta. Ta nan ciwon daji ke samun ƙofa.

An ga haka a gundumar Shuwanwei ta ƙasar Sin. Matan wurin ba mashaya taba ba ne, amma ciwon dajin huhu ya yi musu yawa ƙwarai, saboda girki da kwal a ɗaki marar mafitar hayaƙi. Da aka kafa murhu mai bututu, cutar ta ragu.

Saboda haka mai girki da kwal ya yi a fili. A yayyafa wa tokar ruwa kafin a kwashe, a binne ta nesa da rijiya da wurin wasan yara. Kada a kuskura a tace ta a zuba a miya.