Takardu Biyu na Sista Celine

'Yata, saƙonki ya iso ni, na kuma karanta shi har sau biyu. Kin ce shekara 7 ke nan kina riƙe da alli, kina koyar da lissafi, amma ji kike kamar kina ɗiban ruwa da kwando. Kin ce ƙawayen da kuka gama tare sun yi gaba, ke kuwa kullum aji ɗaya, allo ɗaya. Ban ga laifinki ba. Ni ma na sha ƙurar alli. Na san gajiyar da ke sauka a kafaɗa bayan an tashi yara, ga tulin littattafai suna jiran jan biro. Sai dai kafin ki yanke wata shawara, gyara zama ki ji labarin wata malama.

Sunanta Sista Mary Celine Fasenmyer. Sista ce ta cocin Katolika, irin matan nan da ke haƙura da aure da tara abin duniya, su ba da ransu ga ibada da hidimar jama'a. Mutanen Kano sun san irinsu tun 1948, lokacin da sistocin St. Louis suka iso suka kama aikin makaranta. Ita wannan a Amurka ta yi rayuwarta. An haife ta ranar 4 ga Oktoba, 1906, a wani ɗan ƙauye mai suna Crown, cikin jihar Pennsylvania, yankin masu haƙar man fetur. Tana 'yar shekara ɗaya mahaifiyarta ta rasu.

Ta gama sakandare a garin Titusville a 1923, daga nan sai aji. Shekara 10 tana koyar da yara kafin ta riƙe digirinta na farko, daga kwalejin Mercyhurst ta birnin Erie, a 1933. Ƙungiyarta ta sistocin Mercy ta tura ta wata sakandare a Pittsburgh. Tana koyarwa tana karatu a gefe, har ta sami digiri na biyu a 1937. Sai a 1942 ta isa Jami'ar Michigan, hannun wani malami mai suna Earl Rainville, ta kammala digirin digirgir a 1946, tana dab da cika shekara 40. Ki ƙirga da yatsunki. Shekara 23 tsakanin sakandare da wannan rana. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Ke da kike cewa lokacin ƙarin karatu ya wuce miki, nawa ma kika yi a duniya?

To me ta gano? Ke malamar lissafi ce, ba sai na yi miki kwana-kwana ba. Ɗauko takarda. Rubuta 1 da 1. A ƙarƙashinsu 1, 2, 1. Sai 1, 3, 3, 1. Sai 1, 4, 6, 4, 1. Kin gane shi, alwatikan Pascal ne, kowace lamba ta tsakiya haɗin biyun da ke samanta ce. Yanzu tara kowane layi: 2, 4, 8, 16. Kowane layi ninkin na bayansa ne. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ya huta, ba sai ya bi lambobin layi na 50 ɗaya bayan ɗaya ba.

Wannan mai sauƙi ne, ido ma yana ganinsa. Akwai danginsa masu taurin kai, waɗanda ƙa'idarsu ke ɓoye can ciki. A da, sai mai kaifin basira ya yi ta lalube, wata rana ya dace, wata rana ya kwana bai samu ba. Sista Celine ta share hanya. Ta nuna cewa za a iya ƙaddara ƙa'idar tana nan tsakanin lambobin da ake tarawa, a sa haruffa a gurbin abin da ba a sani ba, a tattara, a rage, har maganar ta dawo irin lissafin neman x da y da kike koya wa yaranki. Mataki bayan mataki, kamar mai bin sawun akuya a rairayi. Mai haƙuri kowane iri ne zai iya binta ya kai.

Takardu biyu ta wallafa a kan wannan aiki, ɗaya a 1947, ɗaya a 1949. Tun kafin su fito ta koma Mercyhurst, ta ci gaba da koyarwa fiye da shekara 30, har ta yi ritaya a 1979.

A nan nake so ki ɗan tsaya. Masu ba da labarinta sukan tsallake waɗannan shekaru da gudu, kamar ba a yi komai a cikinsu ba. Ni kuwa su suka fi tsaya mini a rai. Mace ce da ta san zurfin abin da ke kanta, ta kuma shiga aji kowace safiya ta fara daga farko da sababbin ɗalibai. Wani ya gane nan take, wani sai an maimaita masa sau uku. A ganina ba zaman jira take yi ba. Alkawarin hidima ta ɗauka, ajin kuma shi ne wurin cika shi. Malamin da ya ɗauki ajinsa tashar mota, yana ta leƙen motar da za ta ɗauke shi, yara suna ganewa. Ba sa faɗa, amma suna ganewa, kuma sai su tsani darasin har girmansu. Da yawa daga manyan da ke ce miki su ba su da kan lissafi, in kin bi diddigi, wani malami ne ya gaji da su tun suna ƙanana.

Takardun nan kuwa suna kwance. Malaminta Rainville ya sa aikin cikin littafinsa na 1960, aka ɗan san da shi. Sai da kwamfuta ta yi ƙarfi, wani masani mai suna Doron Zeilberger ya ɗauko shi ya duba da kyau, ya rubuta takarda a kansa a 1982 da sunanta a kai. Ya lura cewa hanyar da ba ta dogara da sa'a, na'ura za ta iya binta. Shi da abokin aikinsa Herbert Wilf suka ɗora gini a kan wannan tushe, har kwamfuta ta riƙa tabbatar da ƙa'idojin da a da suke cinye wa masana makonni. A littafinsu mai suna A=B, wanda suka rubuta da Marko Petkovšek ya fito a 1996, babi guda sukutum sunanta yake ɗauke da shi.

Kin ga amfanin aiki mai tsabta? Da ta yi shi a gurguje, ta tsallake matakai don ta nuna gwaninta, da baƙon da ya zo bayan shekara 30 bai sami abin kamawa ba. Haka allonki yake. Matakin da kike gani ƙarami, kika goge da sauri, a nan yarinyar da ke kujerar baya take ɓacewa.

Wilf ya neme ta har ya same ta a gidan da tsofaffin sistoci ke hutawa a Erie. Ya gayyace ta taron masana lissafi a Florida a 1994. Ta je, tana da shekara 87. Da aka gabatar da ita ta miƙe, maganarta gajeriya ce. Ta shaida musu cewa lalle ita ce ta yi aikin nan da hannunta. Ina son wannan ƙwarai, 'yata. Mace mai ƙanƙan da kai, amma ba ta musanta guminta ba. Mu an tashe mu da kunya, kuma kunya ado ce. Sai dai in yaranki suka ci jarrabawa aka tambayi wa ya koyar da su, kada ki sunkuyar da kai ki bar wani ya amsa.

Ba zan yi miki alkawarin wata rana wani farfesa zai ƙwanƙwasa ƙofarki ba. Sistoci nawa suka koyar da lissafi suka tafi, ɗalibansu kaɗai ke tunawa da su? Ita ma da Wilf bai zo ba, shekarunta na aji ba su ragu da komai ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko da mai shi bai ga inda ya maƙale ba. Ta rasu ranar 27 ga Disamba, 1996, tana da shekara 90, a shekarar da littafin nan ya fito.

Ranar Litinin in kin shiga aji, rubuta musu layukan nan huɗu a allo. Ki ce su tara kowanne, ke kuma ki koma gefe ki kama bakinki. Kada ki faɗa musu ninki ne. Ki jira, ko da shirun ya yi miki tsawo, ki ga hannun wa zai fara tashi. Sai ki rubuto mini sunanta. Ki gaida maigidan da yara.